Daga Sakkwato Zuwa Jidda: Yadda Ake Lissafin Nisa Da Lokacin Tafiyar Jirgin Sama

Gabatarwa

Garin Sifawa yana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Sakkwato, ta wajen hanyar da ta nufi Yabo da Shagari. A wannan gari ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, har zuwa shekarar 1815 lokacin da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana zaune a Boɗinga. Shehu bai sami zuwa Makka ba har ƙarshen rayuwarsa. Malam Abdullahi ya ɗaura niyyar tafiya gabas a shekarar 1807, amma tafiyar ta tsaya a Kano. A wancan zamani, wanda duk ya fita aikin Hajji sai ya yi sallama da iyalinsa irin sallamar da ba a sa ranar sake saduwa.

A yau, tsakanin Boɗinga da Sakkwato akwai filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III, inda maniyyata kan tashi da hantsi su yi sallar magariba a ƙasar Saudiyya. To amma kilomita nawa ne tsakanin Sakkwato da Jidda, kuma yaya aka yi aka san haka tun da babu wanda ya ja igiyar awo daga nan zuwa can? Me ya sa agogo kan nuna kamar zuwa ya fi dawowa daɗewa? Me ya sa a shekarar 2023 tafiyar ta ƙara tsawo alhali garuruwan biyu suna nan inda suke? Amsoshin waɗannan tambayoyi suna cikin darussan lissafi da labarin ƙasa da kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Tafiyar Gabas A Zamanin Da

Hanyar da mahajjatan ƙasar Hausa suka fi bi ita ce ta Kano zuwa Barno, daga nan a ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, a ƙetare Kogin Nilu, a isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In aka ƙaddara ayari yana cin kilomita 25 a wuni, kuma hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma ba a huta ko kwana ɗaya ba, tafiyar za ta ci kusan wata 5. Amma a zahiri takan ɗauki shekaru, domin matafiya kan ya da zango su yi noma ko ƙwadago ko koyarwa su tara guzuri kafin su ci gaba. Da yawa sun zauna a hanya ba su ƙarasa ba, wasu kuma sun ƙarasa ba su dawo ba. Wannan ne asalin dubban Hausawa da Fulanin da ke zaune a Sudan har yau.

A shekarar 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru I ya kama hanyar gabas tare da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin da ake kira da sunansa. A ƙarshen wannan shekara, ranar 17 ga Disamba, wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi jirgi mai inji karo na farko. Tashin bai wuce daƙiƙa 12 ba, nisan kuma mita 37 ne kawai. Shekara 22 bayan haka, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suna ya da zango a garuruwan Sudan da Cadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Hanyar da suka biyo kusan ita ce tsohuwar hanyar mahajjata, sai dai abin da kan ci watanni su sun yi shi cikin kwana 6.

Siffar Duniya Da Layukan Da Aka Shata Mata

Kafin a auna nisan da ke tsakanin garuruwa biyu masu nisa, wajibi ne a san siffar abin da suke kai. Duniya mulmulalliya ce kamar lemo, daga tsakiyar cikinta zuwa doronta kilomita 6,371 ne a matsakaicin lissafi, kewayenta kuwa ya kai kimanin kilomita 40,000. Wannan sani ba sabo ba ne. Wani masani Bagirke mai suna Eratostenis ya ƙiyasta kewayen duniya a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta hanyar kwatanta tsawon inuwa a garuruwa biyu. Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana suka sake awon a wajen shekarar 830 Miladiyya. Daga baya Albiruni ya fito da wata dabara ta auna girman duniya daga kan dutse.

Domin a san mazaunin kowane gari, masana sun shata wa duniya layuka iri biyu a kan taswira. Na farko su ne layukan kwance, waɗanda ake kira latitud. Suna nuna yadda gari ya nisanci Ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Na biyu su ne layukan tsaye, waɗanda ake kira lonjitud. Sun taso daga ƙuryar arewa ta duniya zuwa ƙuryar kudu, kuma ana fara ƙirga su daga layin da ya ratsa Girinwic a birnin Landan. Da yake kowace da'ira digiri 360 ce, in aka raba kilomita 40,000 gida 360 za a sami kimanin kilomita 111. Ke nan duk wanda ya yi tafiyar digiri ɗaya zuwa arewa ko kudu ya ci kilomita 111.

Layukan tsaye kuwa sha'aninsu daban ne, domin suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisantar Ikwaita, kamar yadda ɓangarorin lemo ke haɗuwa a wajen hancinsa. A kan Ikwaita tazarar digiri ɗaya kilomita 111 ce, a digiri 17 arewa ta ragu zuwa 106, a digiri 60 kuwa ba ta wuce 56 ba.

Lissafin Nisan Sakkwato Da Jidda

Filin jirgin Sakkwato yana kan digiri 12.9 arewa da Ikwaita, da digiri 5.2 gabas da Girinwic. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana kan digiri 21.7 arewa, da digiri 39.2 gabas. Da waɗannan lambobi huɗu kaɗai ɗalibi zai iya fitar da nisan, cikin matakai uku.

Mataki na farko shi ne a ga yadda Jidda ta fi Sakkwato kusa da arewa. In aka ɗebe 12.9 daga 21.7 saura digiri 8.8. In aka ninka wannan da 111 za a sami kimanin kilomita 980.

Mataki na biyu shi ne a ga yadda Jidda ta fi Sakkwato kusa da gabas. In aka ɗebe 5.2 daga 39.2 saura digiri 34. A nan ba za a ninka da 111 ba, domin tafiyar ba a kan Ikwaita take ba. Tsakiyarta ya faɗa wajen digiri 17 arewa, inda tazarar digiri ɗaya take kilomita 106. Saboda haka 34 sau 106 ya ba da kimanin kilomita 3,600.

Mataki na uku shi ne a haɗa su da ƙa'idar Fitagoras, tun da gabas da arewa sun gitta juna kamar kusurwar ɗaki. A ninka 980 da kanta, a sami 960,400. A ninka 3,600 da kanta, a sami 12,960,000. Jimlarsu ita ce 13,920,400. Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla ita ce kimanin 3,730. Wato tsakanin Sakkwato da Jidda akwai kimanin kilomita 3,730 ta sama.

Wannan dabara ta ɗauki doron ƙasa kamar shimfiɗaɗɗe ne, don haka ƙiyasi ce. Amma cikakken lissafin da ake yi da kwamfuta bai bambanta da ita da fiye da 'yan kilomitoci ba a wannan tafiya. Da irin wannan lissafi za a ga cewa daga Sakkwato zuwa Kano kimanin kilomita 370 ne, zuwa Abuja 490, zuwa Legas 735, zuwa Madina kuwa kusan 3,850.

Hanya Mafi Kusa A Kan Abu Mulmulalle

A kan takarda, hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu ita ce miƙaƙƙen layi. A kan duniya kuwa hanya mafi kusa wani yanki ne na abin da masana ke kira babbar da'ira. In aka yanka lemo da wuƙa ta yadda yankan ya bi ta tsakiyarsa daidai, bakin yankan shi ne babbar da'ira. Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ɗauki zare a ɗora a kan ƙwallon duniya na makaranta, a danne bakinsa ɗaya a Sakkwato, ɗayan a Jidda, a ja shi ya yi tsam. Zaren zai bi ta kusa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, ya wuce arewa da Tafkin Cadi, ya ratsa hamadar Cadi da arewacin Sudan, ya ƙetare Kogin Nilu da Bahar Maliya.

Jirgin da zai bi wannan hanya yakan fara fuskantar gabas maso arewa, kimanin digiri 70 daga arewa in aka juya ta hannun dama. Abin lura a nan shi ne, wannan kusan ita ce alƙiblar mutanen Sifawa da Sakkwato, domin Makka ba ta da nisa da Jidda, kuma ita ma alƙibla da babbar da'ira ake lissafinta. Neman alƙiblar garuruwa yana cikin dalilan da suka sa masanan Musulmi irin su Albiruni suka zurfafa a lissafin kusurwoyi a kan abu mulmulalle.

Taswirar bango da aka saba gani a aji, wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569, takan ruɗi mai kallo, domin tana buɗa ƙasashen da ke nesa da Ikwaita su yi girman da ba nasu ba. A ƙasashen da ke kusa da Ikwaita kamar Nijeriya ruɗin kaɗan ne. Amma a ɗauki misalin garuruwa biyu da ke kan digiri 60 arewa, ɗaya a wannan gefe na duniya, ɗayan a ɗaya gefen daidai. Wanda ya bi layin da taswira ta nuna miƙaƙƙe, ya nufi gabas sak, zai ci kimanin kilomita 10,000. Wanda ya bi ta kan ƙuryar arewa kuwa kilomita 6,670 kawai zai ci. Shi ya sa jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da yammacin Amurka kan bi ta sararin ƙasashen ƙanƙara.

Daga Nisa Zuwa Lokaci

Ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani ita ce, a raba nisa da gudu a sami lokaci. Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. A gudun 850, jirgi yana cin kilomita 14 a kowane minti, wato tafiyar wuni guda ta ayari ba ta kai masa minti 2 ba. In aka raba 3,730 da 850 za a sami awa 4 da minti 23.

Sai dai jirgi ba ya yin wannan gudu tun daga farko har ƙarshe. Da fari yakan yi tafiya a hankali a ƙasa zuwa bakin titin tashi, ya jira izini daga hasumiya. Bayan ya tashi yakan ɗauki minti 20 zuwa 25 yana hawa kafin ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12. A can ne yake sakin gudu, domin kaurin iskar wurin bai wuce kashi ɗaya bisa uku na wadda ke ƙasa ba, saboda haka ba ta tare shi sosai, kuma injinsa ba ya shan mai da yawa. Sanyin wurin yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos. Tun saura kimanin kilomita 200 ya isa yake fara gangarowa yana rage gudu, sannan ya bi layi a bayan jiragen da suka riga shi. In aka tara waɗannan duka, tafiyar Sakkwato zuwa Jidda ta miƙaƙƙiyar hanya takan kama kimanin awa 5.

Wannan ƙarin lokaci na hawa da sauka kusan ɗaya ne ko tafiya doguwa ce ko gajeruwa, shi ya sa ya fi fitowa fili a gajeruwar tafiya. Kilomita 490 na Sakkwato zuwa Abuja, in da a cikakken gudu ne, minti 35 sun isa, amma tafiyar takan ci kusan awa guda. Ke nan Jidda ta ninka Abuja nisa fiye da sau 7, amma a lokaci ba ta ninka ta fiye da sau 5 ba.

Tasirin Iska

Jirgin sama a cikin iska yake iyo, kamar yadda kwalekwale yake tafiya a kan Gulbin Rima. Mai tuƙi da ya bi ruwa ya fi wanda ya tare shi saurin isa, ko da ƙarfin damtsensu ɗaya ne. Don haka jirgi yana da gudu iri biyu: gudunsa a cikin iska, da gudunsa in aka auna da doron ƙasa. Na biyun shi ne ke yanke lokacin isa.

Alal misali, a ƙaddara jirgi yana gudun 850, iska kuma tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas da gudun kilomita 100 a awa. A zuwa Jidda gudunsa a kan ƙasa zai zama 950, ya isa cikin awa 3 da minti 56. A dawowa zai koma 750, ya ɗauki awa 4 da minti 58. Jimlar zuwa da dawowa ta zama awa 8 da minti 54, alhali in babu iska awa 8 da minti 46 ce. Wato ribar da iska ta bayar a zuwa ba ta biya hasarar dawowa ba, domin jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare shi.

A can sama akwai wasu igiyoyin iska masu ƙarfi da ke gudana kamar koguna. A lokacin hunturu ɗaya daga cikinsu yakan ratsa sararin arewacin Afirka da ƙasar Larabawa daga yamma zuwa gabas, gudunsa kan wuce kilomita 200 a awa. Da damina kuma wani yakan taso daga wajen Indiya ya ratso Afirka ya nufi yamma, a tsayin kilomita 12 zuwa 15. Tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, lokacin Hajji yana zagaya rani da damina da hunturu cikin shekara 33, iskar da jiragen alhazai ke tararwa ita ma tana sauyawa tare da shi.

Akwai wata tambaya da ɗalibai kan yi. Tun da duniya tana juyawa zuwa gabas, kuma a daidai Sakkwato gudun juyawar ya kai kilomita 1,630 a awa, me zai hana jirgin da ke Jidda ya tashi ya tsaya cak a sama har Sakkwato ta zo ƙarƙashinsa? Amsar ita ce, iskar da ta lulluɓe duniya tare da ita take juyawa, haka ma jirgin tun yana ƙasa. Ƙudan da ke shawagi a cikin motar da ke gudu zuwa Tambuwal ba ya buguwa da gilashin baya, domin shi da iskar cikin motar duk tafiya ɗaya suke yi.

Sha'anin Agogo

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ko digiri ɗaya cikin minti 4. Duk garin da ya fi kusa da gabas shi ke riga ganin fitowar rana da faɗuwarta. Maiduguri ta fi Sakkwato kusa da gabas da kimanin digiri 8, shi ya sa mutanenta kan riga Sakkwatawa shan ruwa da kusan rabin awa a watan azumi. Tsakanin Sakkwato da Jidda kuwa digiri 34 ne, wato minti 136, ko awa 2 da minti 16. Don sauƙaƙa al'amura, kowace ƙasa takan tsayar da agogo ɗaya. Nijeriya tana gaban agogon GMT da awa 1, Saudiyya kuma da awa 3, saboda haka bambancinsu awa 2 ne cif.

Jirgin da ya bar Sakkwato da ƙarfe 10 na safe ya yi awa 5 a hanya zai sauka da ƙarfe 3 na rana agogon Nijeriya, amma agogon Jidda ƙarfe 5 na yamma zai nuna. Wanda ya bar Jidda da ƙarfe 10 na safe kuwa zai sauka Sakkwato da ƙarfe 1 na rana. Mai duban takardar jirgi zai zaci zuwa awa 7 ne, dawowa awa 3, alhali duka awa biyar-biyar ne. Sanin wannan yana da amfani ga matafiyi wajen kiyaye lokutan salla, da kuma ga mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a ƙayyadadden lokaci, da ma dangin da za su taso daga Shagari ko Yabo taryen alhajinsu. Su kuwa matuƙa jirage da ma'aikatan hasumiya a duk duniya da agogo ɗaya suke aiki, wanda ya yi daidai da na GMT, don kauce wa ruɗani.

Sama Ma Tana Da Hanyoyi Da Iyakoki

Jirgi ba ya bin duk inda ya ga dama. Akwai hanyoyi da aka shata a sararin sama, kowace da sunanta da wuraren da matuƙi zai sanar da isowarsa, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da samaniyarta. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekara. Da yake miƙaƙƙiyar hanya daga arewacin Nijeriya zuwa Jidda ta cikin Sudan ta bi, dole jirage suka riƙa kewayawa ta wasu ƙasashe. Tafiya ta ƙara tsawo, man da ake sha ya ƙaru, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa. A watan Agusta na shekarar, Jamhuriyar Nijar ma ta rufe nata sararin na wasu makonni bayan juyin mulki, abin da ya tsawaita tafiyar jirage tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da dama. Lissafin mai sauƙi ne: kowane ƙarin kilomita 850 ƙarin awa guda ne, da kuɗin man awa guda, wanda a ƙarshe kan faɗa kan fasinja.

Yanayi Da Haɗarin Gaggawa

Yanayin ƙasar Sakkwato yana da nasa tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fikafikai da injin jirgi ba su samun abin da za su riƙa sosai, sai jirgi ya yi doguwar tsere kafin ya ɗaga. Titin filin jirgin Sakkwato mita 3,000 ne, amma duk da haka ana auna nauyin fasinja da kaya da mai a kwatanta da zafin ranar kafin a tashi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ƙayyade nauyin kayan alhazai. Da hunturu hazo kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titi, a jinkirta tashi ko a karkata jirgi zuwa wani gari. Da damina kuma gajimaren hadari kan yi tsiri har ya wuce tsayin da jirage ke bi, dole a kewaye shi. Saboda irin waɗannan dalilai doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin na daban, da ƙarin na shawagin minti 30.

Jinkiri yana da ciwo ga matafiyi, amma tarihin wannan hanya ya nuna abin da ya fi shi ciwo. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma lura da haka, amma aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin ba a sani ba, wutar ta ci cikinsa. Ya faɗi yana ƙoƙarin komawa filin, dukan mutum 261 da ke ciki suka rasu. Haka kuma ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari ya gamu da iska mai sauya fuska farat ɗaya, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Fasinjan da aka ce ya jira a duba taya ko hadari ya wuce, ransa ake tsarewa.

Me Ya Hana A Ƙara Gudu?

Jiragen fasinja na yau ba su fi Boeing 707 da ya fara aiki a 1958 gudu ba. Dalili shi ne, a tsayin da suke bi gudun sauti kimanin kilomita 1,060 ne a awa, kuma da zarar jirgi ya kusanci wannan gudu sai turjiyar iska ta ƙaru ƙwarai, shan mai ya hauhawa. Jirgin Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2003, ya ninka gudun sauti sau 2, yana zuwa New York daga Landan cikin kimanin awa 3 da rabi, amma tsadarsa da ƙararsa sun hana shi yaɗuwa. Saboda haka injiniyoyi suka mai da hankali ga rage shan mai da ƙara aminci maimakon ƙara gudu.

Kammalawa

Nisan da ke tsakanin Sakkwato da Jidda bai sauya ba tun zamanin da Shehu yake karantarwa a Sifawa, amma lokacin tafiyar ya sauko daga shekaru zuwa kimanin awa 5, kuma ko waɗannan awoyi suna ƙaruwa ko raguwa gwargwadon iska da yanayi da zaman lafiyar ƙasashen da ke kan hanya. Malamai za su iya ƙarfafa wannan darasi a aji da kayan aiki kaɗan: ƙwallon duniya, da zare, da littafin taswira. A sa ɗalibai su nemo latitud da lonjitud na Kano da Alƙahira, su bi matakai ukun da aka bayyana su fitar da nisa, su raba da 850, su ƙara rabin awa na hawa da sauka, sannan su kwatanta amsarsu da kwana 6 da jiragen 1925 suka yi a kan wannan tafiya.